Shekarar da Katifa Ta Ci Wuta

Bolar da ke bayan gidanmu a nan Ƙaura Namoda ta kama ci tun farkon bazarar nan. Babu harshen wuta, babu ƙara, sai wani siririn hayaƙi da ke fitowa daga ƙarƙashi, ya bi katanga ya shigo mana har ɗaki. Maƙwabta sun sheƙa mata ruwa ta yi kamar ta mutu, gari na wayewa ta dawo. Kowa na tsaki yana toshe hanci. Ni kuwa duk sanda warin nan ya buge ni, sai in gan ni a ƙauyenmu na ƙasar Zurmi, da tulu a kai, cikin bazarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a. Wasu da taron Gusau suke tuna lokacin. Mu a garinmu, shekarar da Katifa ta ci wuta muke cewa.

Katifa fadama ce a gindin dutsen da ke arewa da gari. Ba tabki ba ce, ba za ka ga ruwa kwance a fili ba. Baƙar ƙasa ce mai laushi, kacala da dogayen ciyayi sun rufe ta, in ka taka ta lotsa, ka ɗaga ƙafa ta taso, shi ya sa aka sa mata sunan. In ka saro ta da hauya ka duba, ba yashi ba ce, ba yumɓu ba ce, duk ruɓaɓɓun saiwoyi ne da ganyaye da suka danne juna tun ba a haifi kakanninmu ba. Ka matse ta a hannu ruwa ya zubo. Da damina, ruwan da ya gangaro daga dutse ita ke shanye shi, ba ta barin ya wuce. Da rani kuma ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin rijiyoyin da ke bakinta. Ruwan ja-ja ne kamar shayin da ba a sa wa madara ba, da ɗan tsami a harshe. Baƙo in an miƙa masa sai ya leƙa kwanon, ya dube ka, ya ce alhamdu lillahi ba ya jin ƙishi. Amaren da aka kawo daga wasu garuruwa har hawaye suke yi, wai farin zanensu ya rine. Mu dai da shi muka girma, kuma ban taɓa jin wanda ya ɓata wa ciki ba.

Ɗaya daga cikin rijiyoyin nan ta mahaifina ce. Shi ya gina ta da hannunsa tun yana saurayi, a bayan dangarmu, ba ta da wani zurfi. A lokacin da nake ba da labari Baba ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani. Innarmu ta daɗe da rasuwa. Ni kuma mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gida ina kula da shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini. Komai na gidan ni ke yi, ban da abu guda, ruwan alwalarsa na asuba. Wannan kam shi zai tashi, ya bi igiyar da muka ɗaura masa daga ƙofar ɗaki zuwa bakin rijiya, ya zura guga ya jawo da kansa. Ka ce za ka taya shi, ka jawo wa kanka faɗa har hantsi.

Yayana Lawali direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya tsakanin Ƙaura da Shinkafi, a Ƙaura kuma ya yi gida. Ya daɗe yana son ya ɗauke Baba ya kai shi can kusa da asibiti. Duk zuwan da zai yi sai an tayar da maganar. Ranar da ya matsa da yawa, Baba ya ce da shi a gaban liman da maƙwabta:

"Lawali, ka bar ni in huta. Muddin rijiyagga na ba ni ruwan alwala, nan nike. Randa taƙ ƙahe, zo da motarka, ba ni musu."

Kowa ya yi dariya, don ko a shekarun farin da tsofaffi ke ba da labari, rijiyar ba ta ƙafe ba. Ni dariyata iya baki ta tsaya. Na san Baba, in ya faɗi magana a gaban mutane, ko za ta kashe shi sai ya cika ta. Na kuma san birni ba wurin zamansa ba ne. Mutumin da ya san kowane tudu da rami na gidansa da tafin ƙafa, ka kai shi ɗakin siminti ka ajiye, ai ka gama da shi.

Bayan an ba mu sabuwar jiha, noman rani ya shigo da ƙarfinsa. Injinan ban-ruwa suka cika kasuwa, albasa da tumatir suka yi daraja, motoci na ɗiba suna yin kudu. Mazan garinmu suka dubi Katifa, ƙasa baƙa wuluk a kwance, ba mai morarta sai shanun Fulani da mata masu yankan kacala, suka ce wannan ai asara ce. Abin da ya hana ta nomuwa ruwa ne ya yi mata yawa. Sai aka kira gayya bayan kaka, aka gina lambatu tun daga tsakiyarta har rafin da ke gangarawa gulbi. Ina tuna ranar sarai, don mu muka dama furar. Maza sun tuɓe riguna, laka har ƙugu, makaɗi na bin su yana zuga. Da aka fasa bakin ƙarshe ruwa ya ɓalle, aka yi ta kabbara. Kwana da kwanaki yana gudu bai tsaya ba. Ban ji mutum ɗaya da ya ce kada a yi ba, saboda haka kada wani ya zo yau yana cika baki wai shi ya hango. Baba ma da aka ba shi labari, Allah ya sa albarka ya ce.

Albarkar kuwa ta zo, ba zan ɓoye ba. Lawali ya kawo inji, ya sa aka yi mana fage. Shekarar farko albasa ta yi kai kamar dunƙulen hannu, ba a sa mata taki ko kaɗan ba. Aka yi rufin kwano, aka sayi kekuna da babura, samari suka yi aure. Shekara ta biyu ma haka. Sai dai ƙasar ta daina lotsawa. Ta bushe daga sama, ta yi sakayau, ta tsattsage. Igiyar guganmu ta gaza, na ƙulla mata wani guntu. Baba ya ji ƙullin a hannunsa, ya ce bana ruwa ya yi ƙasa.

Bayan Babbar Salla an cire albasa, zafi ya kankama, lokacin sharar gona ya yi. A gonakin tudu abin da kowa ya gada guda ne. A tara kara da ƙaya da busasshiyar ciyawa a cinna musu wuta, toka ta zama taki, kafin la'asar ta mutu, a zauna jiran ruwa. To akwai gefen Katifa da ba a taɓa ba, kacala ta bushe a kai ta fi tsawon mutum, ana so a buɗe shi don shinkafa. Lawali ya zo ya zauna gaban Baba yana ta juya yadda za a sassabe wurin. Baba ya ce:

"Sassaben mi kuma? Ku sa mata wuta mana. Tun muna yara haka munka ga ana buɗe gona."

Aka sa. Ta ci tana ƙara, shirwa ta cika sama tana cafkar fara. Kafin magariba ta lafa. Maza suka zagaya suka ga babu sauran ja ko'ina, suka kakkaɓe ƙafa suka dawo gida.

Bayan 'yan kwanaki sai ga hayaƙi yana fitowa daga tsagogin ƙasa, har a wuraren da wutar ba ta kai ba. Wari ne daban, ba na kara ba, ba na itace ba, mai kama maƙogwaro. Aka ce wani kututture ne bai gama ci ba. Muna nan sai jakin maƙwabcinmu ya ratsa ta wurin, ƙasa ta burma da shi har gwiwa. Wallahi kukan da dabbar nan ta yi har yanzu yana kunnena. Da ƙyar aka jawo shi, ƙafafunsa duk sun sale. Aka sa dogon itace aka tona wurin, sai ga ƙarƙashi jawur kamar wutar maƙera. Ƙasar da kanta ke ci. Kai jama'a, wa ya taɓa jin ƙasa ta ci wuta?

Nan fa surutu ya tashi. Wasu suka ce aljanun dutse aka taɓa, wasu suka ce ishara ce ga masu zunubi tunda ga Shari'a ta zo. Liman ya ce a yi addu'a, a kuma ɗauko hauya. Aka tayar da duk injinan gari, aka zura mesa cikin rijiyoyi da ramukan ban-ruwa, aka yi ta malala wa wutar. Ƙasa ta sha tana huci, tururi ya tashi, a ce an ci ƙarfinta. Washegari hayaƙi ya ɓullo can gaba. A ƙara malalawa. Ba wanda ya tsaya ya ce, ku dakata, wannan ruwan da muke zuƙa shi ne fa ragowar abin da za mu sha. Da injina suka fara zuƙo laka, sai aka koma gina rami a gaban wutar, ana tonawa har sai an cim ma jan yumɓu, don a yanke mata hanya. Wani wurin ya yi, wani wurin ta riga ta wuce ta ƙasa. Maza na aiki da jiƙaƙƙen tsumma a hanci, takalman roba na narkewa a ƙafarsu. Rana na dukan ka daga sama, ƙasa na gasa ka daga ƙasa. Gari duka tari, kaji sun saki fuka-fuki suna haki a gindin rumbu.

Rijiyoyi suka shiga ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Mata muka koma gulbi, shi ma ba ruwa a samansa, sai an tona yashi. Mu fita bayan sallar asuba, mu isa rana ta fito, kowace ta tona raminta iya tsawon hannu ta zauna tana jiran ya tsattsafo, tana kwalfa da ƙoƙo. Kafin mu dawo rana ta take, yashin hanya na cin ƙafa. Tulu guda sai an yi masa tsari. A fara cire na sha, sannan na tuwo. Ruwan da aka wanke hatsi a ba awaki. Kwanoni da toka ake goge su a ɗauraye da ɗan kaɗan. Wanka sai Juma'a, shi ma a cikin baho, don ruwan ya yi wanki. Rumbu ya yi ƙasa kamar kowace bazara, sai ga shi Fulani sun kwashe shanunsu sun yi wajen Jangeru tunda makiyayarsu ta ƙone, nono ya ɓace. Fura da ruwan tsamiya muke damawa. Tuwo kansa warin hayaƙi yake yi.

Rijiyar Baba ita ta fi daɗewa, don tana kusa da dutse. Na daina taɓa ta, na bar masa ita don alwalarsa kaɗai. Duk da haka, wata rana da hantsi na zura guga don in gwada, ya fito da laka. Na sake, laka. Na zauna a bakinta na yi kuka na gaske, don na san abin da wannan yake nufi.

A haka Lawali ya same ni. Daga wurin wutar yake, fuskarsa baƙa da hayaƙi, idanu jajir. Ya leƙa rijiyar ya daɗe bai ɗago ba. Ni kuwa bakina ba ya shiru in raina ya ɓaci. Na ce:

"To Yaya, ga shi nan, ka samu abin da kake so. Tahi ka gaya mai, ka kawo motarka."

"Ke, ruhe mani baki," in ji shi. "Ni na kawo injin da yat tsotse ta, ni na ƙyasta ashana. Da wace huska za ni ɗauke shi?"

Ya juya ya fita. Sai da aka ja Baba zuwa masallaci sallar azahar, ya dawo da rabin duron ƙarfe daga motarsa. Ya ɗaura igiya ya sauka, ya zaunar da duron a tsakiyar gindin rijiyar, daidai inda guga ke faɗawa, ya dandanne gefensa da laka. Ya fito yana haki ya ce:

"Ki riƙa cika shi. Ruwan sama ba shi da nisa. In Allah ya kai mu damina, ba wanda yaj ji."

Daga ranar sawuna zuwa gulbi ya zama biyu, na safe don gida, na yamma don rijiyar Baba. In na dawo sai in zura ruwan da guga a hankali in tuntsurar cikin duron, kada ya ji ƙara. Saura ɗanɗano, don ruwan gulbi fari ne, salam, ba ya kama da namu. Sai na je can lungun dutse inda wuta ba ta kai ba tukuna, na saro curin baƙar ƙasa, na ƙulle a farin tsumma na jefa cikin duron. Kafin safe ruwan ya yi ja-ja, ɗan tsamin nan ya fito.

Asubar farko na laɓe bayan rumbu. Baba ya biyo igiyarsa, ya zura guga, ya jawo. Ya kurkure baki. Ya ɗan tsaya. Sai ya yi bisimilla ya ci gaba da alwalarsa. Na ce a raina, yauwa, tsoho ya shiga hannu. Har wani daɗi na ji, ina ganin ba wanda ya kai ni dabara.

Ruwan sama kuwa ya ƙi zuwa. Hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso, mu kwashe shanya mu jera tukwane, ya watse. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita. Ni kuma gammo ya cinye mini gashin tsakar kai, wurin ya sale ya zama gyambo, ina rufewa da kallabi. Wuyana ya sanƙare, in zan yi sallama a salla sai na juya da jikina duka. Ban gaya wa kowa ba. Kullum cewa nake, gobe ruwa zai sauka.

Wata yamma na dawo, na zo sauke tulu a bayan danga, gwiwata ta ƙi, na durƙushe, wani nishi ya kuɓuce mini. Baba na zaune a kan buzunsa a gindin darbejiya. Ya ce:

"Uwata, zo nan."

Na je.

"Duƙa."

Na duƙa. Ya lalubo kaina, ya ture kallabin, yatsunsa suka sauka a kan gyambon. Ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Sannan ya ce:

"Tun ranar hwarko na ji gugana ya bugi ƙarhe. Ni na gina rijiyagga, ban kuwa sa mata ƙarhe ba."

"Baba, ai ruwa ya kusa..."

"Bari in gama. Na yi shiru don ina son zama, ba don komi ba. Na ce bari in gani ko ruwa za shi sauka. Ashe ba ruwa nike sha ba, wuyanki nike sha. Kuma wutagga da bakina na ce a sa ta. Aika ma Lawali shi zo da mota."

Na yi magiya, na yi faɗa, na ce ni ban ce na gaji ba, wa ya kawo masa ƙara? Ya ce ya faɗa a gaban mutane, rijiya kuma ta ƙafe, magana ta ƙare. Ranar tafiya shi da kansa ya kwance igiyar da ke tsakanin ɗakinsa da rijiya, ya naɗe ta tsaf ya ba maƙwabcinmu. Bai yi kuka ba. Ni na yi masa nawa da nasa tun daga ƙofar gida har muka hau kwalta.

Safiyarmu ta farko a Ƙaura na tara masa ruwan famfo a buta na kai masa. Ya kurkure baki ya zubar, ya ce:

"Uwata, ƙullin ƙasan nan da kike jehwawa cikin duro, kin taho da shi?"

Na taho da shi. Ban san abin da ya sa na ciro shi na cusa cikin kaya ba, amma ga shi. Na jefa a wata 'yar randa na keɓe masa. Da shi ya yi ta alwala da sha har damina ta sauka.

Labarin saukar ruwan a bakin mutane muka ji. Sun ce yini guda Katifa na huci tana tururi kafin wutar ta mutu. Da ta lafa aka ga ƙasa ta zauna, inda dā ake takawa a tsaye ya zama kwari, sai an sauka. Ruwan dutse da ya zo bai sami mai riƙe shi ba, ya bi lambatu da gudu, ya kwashi toka ya yi gulbi da ita, ya bar kwazazzabo. Rijiyoyi sun kawo ruwa da damina, fari, kafin sanyi ya fita sun sake ƙafewa. Daga baya an toshe lambatun, amma me za a tare? Ɗan Lawali da ya yi karatun aikin gona ya taɓa gaya mini cewa irin ƙasar nan ɗaruruwan shekaru take yi tana taruwa, ruwa ne ke hana ta lalacewa, kuma hayaƙin da ya tashi daga cikinta yana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi. Na yarda da shi, don na sha zafin da hancina da tafin ƙafata. Yanzu gero ake shukawa a wurin in rashin tsaro ya bari an je, matan garin kuma har yau gulbi suke tafiya.

Ƙullin nan kuwa a hankali ya salance. Ruwan ya riƙa yin haske, tsamin ya tafi, har ya zama ba bambanci da na famfo. Baba ya ce da Lawali in ya bi ta wajen gida ya saro masa wani. Lawali ya ɗauki buhu ya tafi. Da ya dawo sai ya tsaya a ƙofar ɗaki ya kasa shiga, buhun a naɗe a hammata.

"Baba, babu. Na zagaya har gindin dutse, na tona nan na tona can. Toka ta da jan yashi."

Baba ya lalubo butarsa ya miƙo mini.

"To, Uwata, zuba mani na hwamhwon."

Bai sake tambaya ba. Bai kuma ga wata daminar ba, Allah ya jiƙansa. Tsumman ƙullin kuwa na kwance shi, na wanke da sabulu, na sake wankewa, launin bai fita ba. Yana nan cikin adakata. In wani ya tambaye ni yadda ruwan garinmu yake, shi kaɗai nake da shi da zan nuna.